Wushiryar Mamanku

Duk Kirsimeti in kun taru a gidan nan na Barunde, bayan an ci an sha, sai wani a cikinku ya tayar da labarin haƙoran Mamanku, kuma kullum ni ne mai laifi a ciki. Kuna cewa taurin kan Baba ne ya sa Mama ta ajiye haƙoran da Ishaku ya sa aka yi mata, shi ne kuma ya hana Rahila gyara bakinta ana gab da bikinta. Ina jin ku daga ɗaki. Kunnena bai mutu ba tukuna, idona ne kawai ya fara ja da baya. Ban taɓa tanka muku ba, domin lokacin mai labarin tana nan da ranta, da na buɗe baki sai ta harare ni in koma in yi shiru. Yanzu ba ta nan, jikokina kuma sun fara ɗaukar labarin a karkace, shi ya sa na zauna in rubuta shi yadda ya faru. Rabin abin da kuke faɗa gaskiya ne, ɗaya rabin kuwa ban san inda kuka samo shi ba.

Dole in fara daga wushiryar kanta. Ina saurayin malamin firamare aka tura ni wani ƙauye a gindin duwatsun Kaltungo, ina da takalmi ƙafa ɗaya tak, baƙi, wanda nake gogewa kowace safiya har ya riƙa ƙyalli. Wata rana ina wucewa ta bakin rijiya sai na ji ruwa ya sauka a kan takalmin nan. Na ɗaga kai a fusace, na ga wata yarinya da guga a hannu, ta cika baki da ruwa tana tsartar da shi ta tsakanin haƙoranta na gaba, wai kaza take kora. Maimakon ta ba ni haƙuri sai ta fashe da dariya. A nan na ga wushiryar, siririya, haƙorin hagu kuma ya ɗan leƙo gaba kaɗan kamar yana son ya riga ɗan'uwansa gaisuwa. Na manta da takalmi. Saratu ke nan, Mamanku, kuma tun daga ranar ban sake samun kaina ba. Da wannan bakin ta yi muku wasa kuna cikin bahon wanka, tana tsarta muku ruwa a cibi kuna ƙyalƙyala dariya. Da shi ta yi shekaru tana ba da waƙa a zumuntar matan cocinmu, ana kiɗan tulu mata suna amsawa. In tana dariya a tsakar gida, mai sayar da ruwa a bakin layi ya san Maman Ishaku ce.

Ciwon suga ne ya fara taɓa ta bayan na yi ritaya. Mun san yana taɓa ido, mun san yana taɓa ƙafa, amma ba wanda ya gaya mana yana bi ta dasashi. In ta goge baki sai ta ga jini, ta kurkure da ruwan ɗumi da gishiri, ta tauna kanumfari, ta ci gaba da aikinta. Mamanku ba mai kai ƙarar jikinta ba ce. Haƙoran suka fara girgiɗi ba ta faɗa wa kowa ba, har wata la'asar muna zaune a ƙarƙashin dalbejiyar nan muna cin gasasshiyar masara, na ga ta tsaya cak, ta dubi masarar, ta rufe baki da hannu ta shige ɗaki. Wanda yake leƙowa gaban nan ne ya fara tafiya. Kafin shekara ta zagayo huɗu na sama sun bi shi, inda wushirya take ya zama wawulo.

A shekarar ce cutar nan ta zo da ta sa kowa ɗaura takunkumi, Mamanku kuwa ta samu mafaka. Ta ɗinka su kala-kala, kowane zani da nasa, mata har suna yaba mata iya ado. Da abin ya lafa kowa ya cire nasa, ita ba ta cire ba. Ta daina ba da waƙa, ta ce maƙogwaronta ne, alhali ni na san iska ce take tsere mata in ta zo wasu kalmomi. Ta daina cin abinci tare da ni, sai ta ci a kicin ta juya wa ƙofa baya. In abin dariya ya zo, sai dai ka ga kafaɗunta suna motsi. Maƙwabciyarmu Goggo Dija, Bafulatanar nan da take aiko mana da kindirmo, ta shigo wata rana ta same ta tana tsince shinkafa da takunkumi a fuska.

"Saratu, cire tsumman nan don Allah, zafin Gombe bai ishe ki ba? Ni da haƙori shida nake yawo, kuma ban fasa zagin jikokina ba."

"Adda, ke ai ba kya tsayawa gaban jama'a ki buɗe baki."

"To a sa miki na Makka irin nawa, ki riƙa haska musu coci."

Kafaɗun Mamanku suka motsa, amma takunkumin bai sauka ba. Gidan nan ya yi shirun da ban taɓa sani ba, kuma ina gaya muku na ji tsoro, domin na ga matata tana tafiya kaɗan-kaɗan alhali tana zaune kusa da ni.

Ishaku ne ya yi abin da ya kamata, wannan ba zan taɓa tauye masa ba. Ya zo da motarsa ya ce ba shawara ya zo nema ba, ya kwashe mu zuwa wani asibitin haƙori a wajen GRA. Likitar yarinya ce, Dakta Maryam, da ƙyar ta girmi Rahila. Na shiga ina raina ta a zuci, na fito ina cewa da malanta ta yi da ta yi suna. Ba ta ce Mamanku ta cire takunkumi ba sai da ta fitar da mu waje, ni da Ishaku. Da ta gama dubawa ta ɗauki hoton ƙashin bakin, sannan ta kira mu ta zaunar, ta yi mana bayani da Hausarta mai ɗan gardin Fillanci.

"Mama, ba za mu fara da na gaba ba. Wanda zai yi rufi sai ya duba bango tukuna. Za mu fara da wanki, mu kankare dattin da ya daskare a gindin haƙora, shi ne yake sa dasashi jini. Suga kuma sai ya sauka, in ba haka ba duk abin da muka yi ba zai zauna ba."

Ta nuna mana haƙoran tauna guda biyu masu kogo, ta ce waɗannan ciko za a yi musu: a share inda ya ruɓe, a cike da wani farin abu da yake daskarewa ya yi ƙarfi, a tashi a tafi gida a ranar. Akwai wani kuma da ruɓar ta kai har jijiya, shi ne yake hana ta barci. Na ce ai sai a cire shi a huta. Ta ce a'a Baba, haƙorin da za a iya ceto ba a cire shi, domin na Allah ya fi duk wanda za ta ƙera. Za ta kashe zafin da allura, ta wanke cikin tushen, ta toshe, sannan ta sa masa hula don kada ya fashe wajen tauna. Mamanku ta yi magana ta cikin takunkumi, ta ce ita da ba ta taɓa ganin haƙori da hula ba sai ta ga wannan. Wannan ce raha ta farko da na ji daga bakinta cikin watanni.

Da aka zo kan na gaba, likita ta ce hanya uku ce. Akwai dashe, a kafa ɗan ƙarfe a cikin ƙashi a ɗora haƙori a kai, amma ƙashin Mama ya zaizaye, ga suga, ba za ta ba da wannan shawarar ba. Akwai gada, a fere haƙoran gefe biyu a rataya sababbin a jikinsu, amma na gefen ba su da ƙarfin ɗaukar kayan wasu. Saura na cirewa, waɗanda ake sawa da safe a cire in za a kwanta, suna kama sauran haƙoran da 'yar siririyar waya. Ishaku ya so dashen, domin ya ji an ce shi ne na manya. Ta ce masa ba wanda ya fi tsada ne ya fi ba, wanda bakin zai iya riƙewa ne.

Aka yi ta zirga-zirga har damina ta shigo, kwarin bayan gidanmu ya fara cin ƙasa kamar yadda ya saba. Jinin dasashi ya tsaya, ciwon ya tafi, haƙori ya samu hularsa. Ranar da za a zaɓi na gaba, likita ta kawo wani jerin haƙoran gwaji, daga fari tas zuwa mai ɗan duhu, ta ce a zaɓi launi. Ta nuna wani na tsakiya ta ce shi ya fi kusa da na ƙasan Mama. Ishaku ya ce Mama ta sha wahala, a ba ta mafi fari, a jera su daidai. Likita ta juya ta tambayi Mamanku ko akwai yadda take so su kasance, ko yadda nata suke a da. Mamanku ta sunkuyar da kai ta ce duk wanda yara suka zaɓa ya yi. Ni kuma ina zaune ban ce uffan ba, domin a tunanina haƙoran roba kamar takalmin kanti ne, lambarka kawai ake ba ka. Ban san ana iya ƙera wushirya ba. Daga baya na gane Mamanku ta yi tunanin tambaya, kunya ce ta hana ta. Wai tsohuwa mai jikoki ta buɗe baki a gaban ɗanta na fari ta ce a yi mata wushirya, sai ka ce budurwa.

Ranar da aka sa mata su, gidan nan ya cika. Kowa yana cewa Mama kin koma yarinya, Mama sai a sake biki. Haƙoran kuwa ba laifi, farare tas, a jere kamar farantan cikin kabad. Ta yi murmushi aka ɗauki hoto aka tura wa na nesa. Takunkumi ya sauka, na gode wa Allah. Amma na lura murmushi take yi irin na baƙuwa, ta buɗe leɓe ta rufe, dariyar ba ta dawo ba, waƙar ma ba ta dawo ba. In ta wuce madubin falo sai ta kawar da kai. Ni ma, in faɗi gaskiya, in ta juyo tana mini magana sai in ji kamar wata mata ce ta zo aron bakin matata. Wata safiya muna shan kunu ta ajiye ludayi ta dube ni.

"Malam, kowa ya yi magana, kai ba ka ce komai ba."

"Me zan ce? Aiki ya yi kyau."

"Ban tambaye ka aiki ba. Ni nake tambayarka."

Na san abin da ake so miji ya ce a irin wannan wuri. Na kuma san tun da na aure ta ban taɓa yi mata ƙarya ta zauna ba. Na auna, na zaɓa, kuma har yau ban yi nadama ba.

"Haƙoran suna da kyau, Saratu, amma ba naki ba ne. Ina duba ki ina neman ki."

Ta tashi ta shiga ɗaki, na ji ƙarar kofi. Da ta fito takunkumi yana fuskarta, haƙoran suna cikin ruwa a kan taga. A nan ne labarinku ya samo rabinsa na gaskiya. Ishaku ya zo da yamma, bai zauna ba, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, Baba da ka yi shiru mana. Ɗana ne, bai taɓa ɗaga mini murya ba, ranar ma bai ɗaga ba, amma ya ɗauke ƙafa daga gidan nan na wani lokaci, in ya zo sai ya gaida uwarsa ya gaishe ni a tsaye. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai. Mamanku kuwa abinci tana ajiye mini, magana sai ta dole. Na mayar da ita inda aka sha wahala aka fito da ita, kuma ban san hanyar gyarawa ba.

Da abin ya ishe ni, na tattara duk hotunan gidan nan a leda, na hau keke na tafi wajen Dakta Maryam ni kaɗai. Na shiga da shirin a yi mini faɗa. Ta saurare ni har na gama, sannan ta dafe kai.

"Wushirya gare ta? Baba, ai da kun faɗa. Ana yi. Haƙoran nan ɗaya bayan ɗaya ake jera su da hannu, in ana son tazara a bari, in ana son ɗaya ya leƙo a leƙo da shi. Ni ban taɓa ganin nata ba, sun tafi kafin ta zo wurina."

Muka baje hotuna a kan teburinta. Na aure, na sunan kowannenku, na ranar ritayata. Ko ɗaya babu wanda haƙorinta ya fito. Mu a zamaninmu ba a yi wa mai hoto dariya, sai ka tsaya ƙiƙam ka haɗe fuska kamar an kira ka gaban alƙali. Matar da ta fi kowa dariya a Barunde ba ta da hoton dariya ko ɗaya. Na ce zan iya kwatantawa, na ɗauko tsinken ashana na ce faɗin ya kai haka, ko kuwa bai kai ba. Na rufe ido ina ganin abin sarai, amma na kasa fitar da shi a ba wani. Likita ta ce za ta iya yin ƙiyasi, amma tana tsoron a sake ba Mama bakin wata a karo na biyu. Sannan ta tambaye ni ko a cikin yara akwai wanda ya ɗauko bakin Mamanku.

Akwai mana. Rahila, autarmu, ta ɗauko shi kaf, har leƙowar na hagun. Sai dai Rahila ta tsani wushiryar nan tun tana sakandare, inda 'yan ajinsu suka sa mata suna da ita. Ku 'yan yanzu abin da muka ɗauka ado kun mayar da shi aibi. Tana aiki a Abuja lokacin, an sa bikinta ƙarshen shekara, kuma ta riga ta gaya wa uwarta cewa wani likita a can ya ba ta rana zai rufe mata ita kafin a ɗauki hotunan biki. Ga shi kuma a cikinku duka ita ta fi jin haushina a kan maganar da na yi. Na kira ta, ta ɗauka da ƙyar.

"Baba, in maganar Mama ce, ni ban san me zan ce maka ba."

"Ba magana nake so ba. Bakinki nake son ki ara mini kafin ki gyara shi."

Na yi mata bayani. Ta ce za ta shigo motar Asabar. Ku lura da kyau, ban ce kada ta rufe ba. Aro na nema.

A asibiti likita ta cika wani faffaɗan cokali da kwaɓaɓɓen abu ruwan hoda ta danna a haƙoran Rahila na sama, ta ce ta yi numfashi ta hanci. Rahila tana zaune hawaye yana zubo mata saboda abin yana taɓa maƙogwaro, tana harara ta ta gefen ido, irin hararar uwarta sak. Da aka cire, ga bakinta ya fito a jiki, har wushiryar. Tun da ta zo, sai ta tambayi likita yadda ake rufewa. Dakta Maryam ta gaya mata ba ɓoye-ɓoye: ana iya ƙara farin ciko a gefen haƙoran biyu su haɗu, wannan a zama ɗaya ake gamawa, amma yana iya canza launi ko ya ɓantare a sake. Ana iya sa waya a ja su a hankali, wannan yana ɗaukar lokaci mai tsawo. Ana iya manna musu siririn rufi a gaba, amma sai an ɗan fere lafiyayyen haƙori, kuma abin da aka fere ba ya dawowa. Ta ce wushirya ba ciwo ba ce, rufe ta kuma ba laifi ba ne, bakinta ne ita za ta zaɓa. Na so in sa baki, na tuna inda sa bakina ya kai ni, na kama kaina.

Saura a shawo kan mai bakin, wato Mamanku, domin ta rantse ba za ta sake hawa kujerar nan ba. Ni dai ban isa ba. Rahila ce ta shiga kicin ta tsaya mata a kai.

"Mama, tun daga Abuja na zo aka cusa mini tuwon roba a baki har na kusa amai saboda ke. Ki tashi ki ɗauki mayafinki."

"Wa ya aike ki?"

"Mijinki. Ya kwashe hotunan gidan nan kaf ya kai asibiti yana neman haƙorinki a ciki."

Ina jin su daga tsakar gida. Sai na ji Mamanku ta ce, wannan mutum ba zai bar ni in huta ba. Ta fito da mayafi.

An fara jera su a kan kakin zuma don a gwada kafin a gama. Wannan karon likita ta kara haƙoran gwajin a jikin nata na ƙasa, Mamanku da kanta ta nuna wanda ya yi daidai, mai ɗan duhu kamar farin wake. Ta ce a ƙara leƙo da na hagun kaɗan, na Rahila bai kai nata rashin kunya ba. Ranar da aka gama muka koma mu uku. Likita ta sa mata, ta duba inda yake danna dasashi ta goge, sannan ta miƙa mata madubi. Mamanku ta daɗe tana kallo. Na ga harshenta ya je ya taɓa tazarar ya dawo, ya sake komawa. Likita ta miƙa mata kofin ruwa ta ce ta kurkure ta zubar a kwanon da ke gefen kujera. Ta kurɓa, ta juyo ta dube ni, sai na ji ruwa ya sauka a kan takalmina.

Likita ta zaro ido, Rahila ta ce Mama mene ne haka. Mamanku kuwa ta kwashe da dariyar nan da mai ruwa yake ji daga bakin layi, har tana riƙe haƙoran da yatsa kada su faɗo. Ni ban yi dariya ba, kuka na yi, a gaban 'yata da 'yar mutane, kuma ban ji kunya ba. A cikin keke muna dawowa ta ce mini ita ta san na farkon ba nata ba ne tun ranar da aka sa. Abin da ya ɓata mata rai, kowa ya yi mata ƙarya, ni kuma da na tashi faɗin gaskiya sai na faɗe ta kamar ina duba takardar jarrabawa. Na ce na karɓa.

Ba a rana ɗaya ta saba da su ba. Sun ɗan ji mata ciwo aka koma aka goge, harshe kuma sai da ya koyi zama da baƙi. Likita ta ce ta riƙa karatu da ƙarfi, sai ta mayar da ni ɗalibi, kowace safiya ta zaunar da ni ta karanta mini Zabura. Ta koyi cire su ta wanke da buroshi a kan kwanon ruwa don kada su faɗi su fashe, ta kwana da su a kofi. Masara kuwa sai a marmasa mata, wannan ya zama aikin Ishaku, domin da kansa ya dawo wata la'asar da gasasshiya a takarda, ya zauna kusa da ni yana marmasawa, ya ce Baba ashe haka Mama take, na manta. A bikin Rahila, da mata suka ɗauki tulu, ba wanda ya roƙe ta. Ta miƙe ta gyara ɗaurin zani ta ba da waƙa, coci ya amsa.

Yanzu ga ɗaya rabin. Ranar da likitan Abuja ya ba Rahila ta zo ta wuce ba ta je ba, kuma ba da sanina ba. Mamanku da kanta ta ce mata ta je ta rufe abinta, ita ta samu nata. Rahila ta ce likita ta ce dasashi yana canzawa, bayan wasu shekaru sai an sake wa Mama wasu, to in ta rufe a ina za a auna. Dakta Maryam ta gaya mata ba sai an sake auna ta ba, waɗanda ke bakin Mama sun isa a kwaikwaya. Rahila ta ce a bar shi dai, ko za su ɓata. Ku duba hotunan bikin, za ku gan su su biyu kai da kai, baki buɗe, ita ce dariyar Mamanku ta farko da hoto ya kama.

Ba a kai ga sake mata wasu ba. Bara Ubangiji ya kira ta, kuma kamar yadda ta roƙa, da su aka rufe ta. Bayan an watse daga zaman makoki, Rahila tana haɗa kayanta za ta koma, na kira ta na zaunar da ita a ƙarƙashin dalbejiya. Na ce mata aron da na nema ya ƙare, ba sauran wanda za a auna wa, in har yanzu tana son ta rufe ta je ta rufe da albarkata. Ta dube ni idonta ya cika, ta yi ƙoƙarin murmushi, na hagun ya leƙo.

"In na rufe, Baba, kai kuma a ina za ka riƙa ganinta?"